Dillalin aljihu: katin banki a teburin mai aikin hannu

A ƙasar Faransa, da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, sanyi ya fara shiga jiki, da wuya a sami garin da ba ya cin kasuwar Kirsimeti. Wadda ta fi suna ita ce ta birnin Strasbourg, da ake ci tun shekara ta 1570, amma ita ta manyan ƴan kasuwa ce masu jari. Dubban sauran ƙanana ne: a zauren taro na ƙauye, a farfajiyar lakwal, ko a dandalin da ke gaban ma'aikatar magajin gari. A nan ne ake samun wani irin mai saye da sayarwa wanda ba kasuwa ce ke ciyar da shi ba. Malamar lakwal ce da ke saƙa hula da safa da daddare. Ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya ya koma sassaƙa akushi da cokali. Ungozoma ce mai dafa sabulu ko ƙera ƴan kunne ranar hutunta. Duk shekara suna tara abin da hannunsu ya yi don sha'awa, sai su kama tebur guda na kwana ɗaya ko biyu, su baje kolinsu, ko Allah ya sa su mayar da kuɗin zare da na katako.

Shekaru 20 da suka wuce, abin da irin wannan mai tebur ke bukata bai wuce kujera da gwangwanin canji ba. Yau kuwa, sau da yawa tambayar da mai saye ke fara yi, tun kafin ya ji kuɗin kaya, ita ce ko ana karɓar kati. In aka ce a'a, sai ya ajiye abin da ya ɗauka, ya ce bari ya je ya ciro kuɗi ya dawo. Duk wanda ya taɓa zaman rumfa ya san inda "bari in je in dawo" ke ƙarewa. Wannan ne ya sa ƴar ƙaramar na'urar karɓar kati, wadda ke shiga aljihun riga, ta zama kamar ma'auni a hannun mai awo. Sai dai ya kamata a san ta da sunanta na gaskiya: dillali ce. Tana kawo mai saye, tana cire la'adarta, kuma tana rubuta duk abin da ya bi ta hannunta. La'adar ce mutane ke kuka da ita, alhali kuwa rubutun ne ke sauya matsayin mai tebur gaban hukuma.

Inda tsabar kuɗi ta tafi

Babban Bankin Turai yana bin diddigin yadda jama'a ke biya a kantuna da kasuwannin ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro. A shekara ta 2016, cikin kowane ciniki 100, guda 79 da tsabar kuɗi aka biya su. A 2019 suka koma 72, a 2022 suka sauko 59, a 2024 kuma 52. A Faransa ita kanta, shekara ta 2024 ce ta farko da kati ya sha gaban tsabar kuɗi: kashi 48 cikin 100 na ciniki da kati aka biya, kashi 43 da takarda da ƙarfe.

Faransawa dama sun daɗe da sanin kati. Wani ɗan ƙasarsu mai suna Roland Moreno ne ya yi rajistar fasahar kati mai ƴar ƙwaƙwalwa a jikinsa a shekara ta 1974. Bankunan ƙasar suka haɗa kai a 1984 suka kafa ƙungiya guda mai alamar CB, zuwa 1992 kuma katunansu duka na ɗauke da wannan ƙwaƙwalwa, ana tabbatar da biya da lambar sirri. Amma annobar korona ce ta kai katin har wurin mai burodi da mai latas. Ranar 11 ga watan Mayu na 2020, ranar da aka sassauta kulle, aka ɗaga iyakar abin da ake iya biya ta hanyar ɗora kati kawai bisa na'ura, ba tare da danna lambar sirri ba, daga yuro 30 zuwa yuro 50. Yuro guda yana daidai da tamma 656 na kuɗin sefa in an cike burbushin, wato kimanin dala 131. Yuro 50 ke nan ya kusan jikka 33. Akasarin abin da ke bisa teburin mai saƙa ko mai sabulu bai kai haka ba. Ga shi kuma injinan fitar da kuɗi na bankuna suna raguwa shekara bisa shekara, kuma akwai ƙauyuka masu yawa da ba su da ko guda. Mai sayen da ya ce zai je ya dawo, wani lokaci sai ya tuƙa mota zuwa wani gari kafin ya ga injin.

A da, mafita ɗaya ita ce ceki, domin Faransa ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai amfani da shi. Amma ceki alkawari ne a takarda. Sai an kai shi banki ake sanin ko akwai wani abu bayansa. Na'urar kati irin ta kantuna kuwa, samunta sai da yarjejeniya da banki, da kuɗin haya kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai butiki da ke buɗewa kullum yana iya ɗaukar wannan nauyi. Wadda ke fita kasuwa sau 4 ko 5 a shekara ba ta iyawa.

Cinikin da ya kuɓuce

Abin lura shi ne, wannan na'ura ta aljihu daga asarar masu ƙaramin ciniki ta samo asali. A birnin Saint Louis na ƙasar Amurka akwai wani mai hura gilashi, Jim McKelvey, wanda kuma masanin kwamfuta ne. Wata rana ya yi cinikin wani kan famfo na gilashi da ya ƙera, mai kuɗi kimanin dalar Amurka 2000, sai aka miƙo masa katin American Express, shi kuwa ba ya da hanyar karɓarsa. Ciniki ya wargaje. Ya kai kukansa ga abokinsa Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, su biyu suka buɗe kamfanin Square a shekara ta 2009. Abin da suka fito da shi wani ɗan farin dunƙule ne mai kusurwa 4, da ake sokawa a ramin abin sauraro na wayar salula, a goga kati a jikinsa. Kyauta suke aika shi ga wanda ya nema, babu haya, kuma a 2011 la'adarsu ta tsaya bisa kashi 2,75 cikin 100 na kowane ciniki.

Kusan lokaci guda, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, matar wani mai suna Jacob de Geer ta kai tabarau wurin baje koli, ta dawo tana ƙorafin masu sayen da suka juya don ba ta karɓar kati. Daga nan shi da Magnus Nilsson suka kafa iZettle a 2010. Bayan shekaru 8, a 2018, kamfanin PayPal ya saye shi bisa dalar Amurka miliyar 2 da miliyan 200, aka koma kiransa Zettle a 2021. Na uku shi ne SumUp, mai mazauni a Landan, wanda ya fara aiki a 2012, kuma na'urarsa ta yaɗu ƙwarai a kasuwannin Faransa. Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani. A nan asarar kan famfo guda da ta ƴan tabarau ce ta haifi kamfanonin da ake ƙiyasta darajarsu da miliyoyin miliyoyi.

Abin da waɗannan kamfanoni suka sauya shi ne tsarin biyan dillali. Maimakon haya ta wata-wata, mutum na sayen na'ura sau ɗaya, mafi araha cikinsu ba ta kai yuro 50 ba, sa'an nan ba ya biyan komai sai ranar da ya yi ciniki. In ya ajiye ta cikin akwati daga Janairu zuwa Nuwamba, babu mai binsa ko tamma. Daga baya ma na'urar kanta ta fara zama ba dole ba: tun watan Nuwamba na 2023 kamfanin Apple ya buɗe wa ƴan kasuwar Faransa hanyar karɓar kati ta ɗora shi bisa wayar iPhone kai tsaye, wayoyin Android su ma suna da irin tasu.

Masu cin la'ada

Mai karatu zai so ya san abin da ke gudana cikin ƴan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗora kati da ƙarar na'ura. Na'urar tana magana da wayar mai tebur ta Bluetooth, wayar ta aika saƙo ta intanet zuwa kamfanin da ya sayar da na'urar. Kamfanin ya miƙa shi ga hanyar da katin ke bi, ko CB, ko Visa, ko Mastercard, ita kuma ta kai shi bankin mai saye. Bankin ya duba ko akwai kuɗi, ko ba a ba da sanarwar ɓatan katin ba, sa'an nan ya amsa da e ko a'a. Amsar ta biyo sawunta ta dawo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hannuwa yana da rabonsa.

Rabon bankin mai saye doka ce ta ƙayyade shi. Tun shekara ta 2015 Tarayyar Turai ta hana shi wuce kashi 0,2 cikin 100 ga katin da ke cira daga asusun mutum, da kashi 0,3 ga katin bashi. Masu hanya suna ɗaukar nasu, saura kuma na kamfanin na'ura ne. A shekara ta 2024, SumUp da Zettle suna karɓar kashi 1,75 cikin 100 a Faransa daga wanda ba ya da wata yarjejeniya ta musamman da su. A hular yuro 20, la'ada santim 35 ce, wato kimanin dala 46. Kuma doka ta hana mai sayarwa ya ɗora wannan la'ada bisa mai saye, ya ce mai kati ya ƙaro wani abu. Farashi guda ne ga kowa. Wanda ke son mayar da la'adarsa sai ya sa ta cikin kuɗin kaya tun daga gida.

Dokar ta bar wa mai tebur wasu zaɓi. Yana iya ƙin karɓar kati, yana kuma iya cewa ba ya karɓarsa ƙasa da kaza, muddin ya rubuta haka a fili inda kowa zai gani. Abin da ba ya da ikon yi shi ne ƙin tsabar kuɗi. Wanda ya ƙi karɓar yuro na takarda ko na ƙarfe ana iya cin tararsa har yuro 150. Gwangwanin canji ke nan bai yi ritaya ba tukuna.

Lissafin ranar Lahadi da dare

A ɗauki misali don lissafi ya fito fili. A ce wata mai saƙa ta yi kwana 2 a kasuwar ƙauyensu, ta sayar da kayan yuro 400, daga ciki 300 da kati. La'adar na'ura yuro 5 ce da santim 25, ba ta cika jikka 3 da rabi ba. A ce da ba ta da na'urar, rabin masu katin sun juya: asararta yuro 150 ke nan, kusan jikka 100. A wannan ma'auni babu gardama. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wannan rariya ɗigo kawai take yi.

Amma lissafi bai ƙare nan ba. A ce kuɗin tebur yuro 40 ne, zare da allura da leda 120, man mota 30. In ta yi rajista da hukuma, akwai kason da za ta zuba wa asusun kariyar jama'a, wanda a shekara ta 2024 ya kasance kashi 12,3 cikin 100 na dukan abin da mai sayar da kaya ya karɓa, ba na ribarsa ba. A cinikin yuro 400, yuro 49 ne da santim 20, wato ya ninka la'adar na'ura fiye da sau 9. Abin da ya rage mata bai cika yuro 156 ba. In ta yi awa 40 tana saƙa, ta ƙara 16 tana tsaye bayan tebur, awarta ba ta kai yuro 3 ba, alhali mafi ƙarancin albashi a Faransa, a watan Nuwamba na 2024, ya kasance yuro 11 da santim 88 a awa kafin a cire komai.

Mai sha'awa ba ya yin wannan lissafi, domin ba don kuɗi ya ɗauki allura ba. Amma na'urar tana yi masa shi ko bai so ba. Kowane dare tana nuna masa nawa ya shigo, da ƙarfe nawa, daga wane kaya. Wasu ta nan suke gane cewa sun shekara 10 suna sayar da guminsu ƙasa da kuɗin zare, su gyara farashi. Wasu kuma ta nan sha'awar ke fita daga ransu, domin abin da suke yi don hutawa ya koma littafin ciniki.

Iyaka tsakanin sha'awa da sana'a

A dokar Faransa, mutumin da ba ya da rajistar kasuwanci yana iya shiga kasuwar da suke kira "vide-grenier", wato kwashe rumbu, inda kowa ke fito da tsofaffin kayan gidansa. Amma sau 2 kawai a shekara, kuma kayansa na kansa da ya yi amfani da su. Masu shirya kasuwar suna riƙe da littafin sunayen duk wanda ya kama wuri. Hular da aka saƙa jiya don a sayar ba ta cikin wannan rangwame. Wanda ke yin kaya da niyyar sayarwa, yana maimaitawa, dokar na ɗaukarsa mai sana'a, ko da cinikinsa bai kai kuɗin cefane ba. Shi ya sa akasarin masu shirya kasuwannin aikin hannu ke neman lambar rajista ta SIRET, mai alƙaluma 14, kafin su ba da tebur. Hukuncin sana'ar ɓoye kuwa ba wasa ba ne: yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45 000, ko da yake wannan iyakar sama ce da aka tanada don manyan laifuka.

Don sauƙaƙa wa ƙananan mutane, ranar 1 ga Janairu na 2009 aka buɗe tsarin "auto-entrepreneur", wanda daga baya aka koma kira "micro-entrepreneur". Mutum na yin rajista ta intanet, ya riƙa sanar da hukumar URSSAF abin da ya sayar kowane wata ko kowane wata 3, ya biya kasonsa. In bai sayar da komai ba, sai ya rubuta sifiri, ba ya biyan kaso. In cinikinsa ya wuce yuro 10 000 shekara 2 a jere, dole ya buɗe asusun banki dabam don sana'ar. Mai fita kasuwannin da ke wajen garinsa kuma yana bukatar katin ɗan kasuwa mai yawo. Hanya ce mai sauƙi, amma wanda ya bi ta ya zama ɗan kasuwa a idon hukuma, da takardunsa da ranakun biyansa.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Tun watan Afrilu na 2017, wanda cinikinsa na gefe bai wuce fam 1000 a shekara ba, babu haraji bisansa, kuma ba sai ya sanar da kowa ba. Can an shata wa sha'awa fili, an ce daga nan zuwa nan wasa ne. Faransa ba ta shata irin wannan fili ba, sai ya zamana shekara da shekaru ƙananan masu aikin hannu suna zaune cikin inuwa: hukuma ba ta ganinsu, su ma ba su neme ta ba. Tsabar kuɗi ce ta riƙe wannan inuwa, domin takardar yuro 20 ba ta faɗin hannun da ta fito.

Kati kuwa yana faɗi. Tun wurin buɗe asusu kamfanin na'ura ke neman katin shaidar mutum, da lambar asusunsa na banki, da bayanin irin cinikin da yake yi, domin dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram sun tilasta masa haka. Daga nan kowane ciniki na da rana da sa'a da adadi, kuma kuɗin na sauka a banki da sunan kamfanin da ya turo su. Ma'aikatar haraji tana da ikon neman bayani daga bankuna in ta ga dalili. Ba a ce tana zaune tana jiran mai safa ba. Tana da manyan kifaye gabanta. Amma wanda ya karɓi kati ya bar sawu, kuma ranar da aka tambaye shi, ba shi da bakin cewa ƴan kayan gida ne ya rage. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Inda dillali ke tuntuɓe

Akwai kuma matsalolin ranar kasuwa. Na'urar ba ta aiki sai da rezo, kuma tsohon zauren ƙauye mai kaurin bango, ko fili cike da mutum 2000 kowa da wayarsa, yana iya shaƙe shi daidai lokacin da layi ya yi tsawo. Sanyin Disamba yana shanye batir da sauri, kuma ba kowane tebur ke kusa da kuran ba. Wasu kamfanoni suna barin a karɓi kati ba tare da rezo ba, a tura daga baya, amma in bankin mai katin ya ƙi, asarar ta mai tebur ce, mai saye kuwa ya daɗe da tafiya da kayansa.

Kuɗin ma ba nan take suke shiga hannu ba. Yawanci sai bayan kwana 1 zuwa 3 na aiki suke sauka a asusun banki, cinikin Asabar ke nan yana iya kaiwa Talata ko Laraba. In asusun da ya yi wata 10 yana barci ya farka rana guda da ciniki mai yawa, kamfani na iya riƙe kuɗin har sai ya bincika, ya nemi takardu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai hankali ba ya ɗora kuɗin man komawa gida bisa abin da ke cikin na'ura.

Sa'an nan akwai musu. A dokar Faransa mai kati yana da wata 13 don ya ƙalubalanci biyan da ya ce ba da izininsa aka yi ba. In an sa katin cikin na'ura an danna lambar sirri, mai tebur yana da kariya mai ƙarfi. In kuwa lambar katin aka karanta masa ya rubuta da hannu, ko ta waya aka faɗa masa, nauyin na komawa kansa, ana iya janye kuɗin daga asusunsa bayan watanni. Shi ya sa masu gogewa ke juya na'urar ga mai saye ya ga adadin da idonsa kafin ya ɗora kati, suna tura masa shaidar biya ta saƙon waya, suna kuma sa wa asusunsu sunan da ke rubuce bisa tebur, don kada mutum ya ga baƙon suna a takardar bankinsa ya zaci sata aka yi masa.

Baƙon da ke aron na'ura

Wannan batu ya shafi wasu daga cikin masu aikin hannu na Nijar kai tsaye. Maƙeran azurfa na Agadas da masu aikin fata sun daɗe suna kai hajarsu wuraren baje koli a Faransa da maƙwabtanta. Su ba ƴan sha'awa ba ne, sana'ar gado ce, amma mai sayen da ke tsaye gabansu shi ne dai wancan mai kati, kuma sarƙar azurfa ta fi hular ulu tsada nesa ba kusa ba, da wuya a sami mai yawo da kuɗinta a aljihu. Kamfanonin na'ura kuwa suna neman adireshi da asusun banki a ƙasar da aka yi rajista. Baƙon da ya zo da bizar wata guda ba ya da su. In ya ari na'urar mai masaukinsa ko ta wata ƙungiya, kuɗinsa za su shiga asusun wani, da sunan wani, kuma a rubuce cinikin na mai asusun ne, shi za a tambaya. Amana tana da kyau, amma ta fi daɗewa in an rubuta tun kafin buɗe kasuwa: wa zai biya la'ada, wa zai ɗauki haraji, yaushe za a miƙa kuɗin, kuma wa zai ɗauki asara in wani ya yi musun biya bayan baƙo ya koma gida.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma babu alamar tsabar kuɗi za ta koma matsayinta na da a kasuwannin Turai. Mai aikin hannun da ya ƙi na'ura zai ci gaba da kallon bayan masu saye. Amma sayen na'ura shi ne mataki na ƙarshe, akwai tambayar da ke gabansa: wannan aiki wasa ne ko sana'a? Wanda ya ce wasa ne, ya saƙa ya raba wa dangi da abokai, ya huta da takardu. Wanda ya ce sana'a ce, ko ta kwana 5 a shekara, ya fara da rajista, ya ware asusu, ya sa kuɗin awarsa da kason hukuma da la'adar dillali cikin farashi, ya cika batir, ya tafi da canjinsa. Wanda ke cikin haɗari shi ne na tsakiya, mai karɓar kati kamar ɗan kasuwa yana lissafi kamar mai wasa.